Sa'adu Zungur: Mawaƙin da Ya Faɗa wa Sarakuna Gaskiya

Duk wanda zai ba da tarihin rubutattun waƙoƙin Hausa na ƙarni na ashirin, tilas ne ya yada zango a birnin Bauchi, mahaifar Malam Sa'adu Zungur. A gidan malamai ya tashi, ya yi karatun Alƙur'ani da fiƙihu da nahawu, sannan ya shiga Kwalejin Katsina. A 1934 ya wuce Babbar Kwalejin Yaba da ke Ikko, ya zama ɗan Arewa na farko da ya shiga cikinta.

Bayan ya koyar a Kano da Zariya, sai ya komo gida. A Bauchi ne, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya haɗu da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa a majalisar tattaunawa, inda ake yi wa mulkin En'e tankaɗe da rairaya. A 1948 ya zama sakataren jam'iyyar NCNC, daga baya ya zama ɗaya daga cikin jagororin NEPU.

Malam Sa'adu ya san cewa masu karanta jarida ba su da yawa a Arewa, amma waƙa kowa na jin ta. Saboda haka ya riƙa tsara baitoci bisa karin Larabci da amsa-amo, yadda za a rera su a haddace. Da “Maraba da Soja” ya tarbi sojojin da suka komo daga Bama, a “Waƙar Bidi'a” kuwa ya soki al'adun da ake jingina wa addini.

Fitacciyar waƙarsa ita ce “Arewa, Jumhuriya ko Mulukiya”. A cikinta ya nuna wa sarakuna abin da ya sami takwarorinsu na Indiya bayan 'yancin 1947, ya gargaɗe su da su yi adalci, su rungumi ilimi, ko kuwa mulki ya suɓuce musu. Bai nemi a rushe sarauta ba, gyara ya nema.

Ciwon huhu ya daɗe yana cin sa, har Allah ya yi masa rasuwa a 1958, bai ga 'yancin kai ba. A 1963 Nijeriya ta zama jumhuriya. Daga baya gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙarasa aikin. Abin da ya hango ya auku. Allah ya ji ƙan sa, amin.