Dodon Allo: Tarihin Wasan Firgitarwa Daga Japan Zuwa Ƙasar Hausa

Masu iya magana na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya zabura. Da yawa daga cikin waɗanda suka zauna gaban kwamfuta a gidajen intanet na Yamai, Maraɗi ko Kano a shekarun 2000 sun san wannan zabura. Aboki zai aiko maka da hoto, ya ce ka ƙura ido ka kuma ƙara sauti. Kana cikin dubawa sai wata mummunar fuska ta cika allo tare da kururuwa. Wannan wasa yana da tarihi, kuma Japan na cikin ƙasashen da ya fi yin rassa.

Japanawa sun daɗe da sanin daɗin tsoro. A zamanin Edo (1603 zuwa 1868) suna da wata hira ta dare da ake kira hyakumonogatari, wato labarai ɗari. Sai a kunna fitilu ɗari, duk wanda ya ba da labarin fatalwa ya kashe ɗaya, har duhu ya rufe ɗakin. Kowa ya zo ne da ƙafarsa, ya san abin da ya kawo shi, ya kuma san ƙarshen wasan.

Da intanet ta shiga gidaje a ƙarshen shekarun 1990, sai al'amarin ya sake kama. A 1999 Hiroyuki Nishimura ya buɗe dandalin 2channel, inda ake rubutu ba tare da suna ba. A irin waɗannan wurare ne burakura ya yawaita: adireshi ne na tarko, wanda in ka latsa shi tagogi za su yi ta buɗewa a allo har na'ura ta sandare. Daga baya aka samu wanda suka kira seishinteki burakura, ma'ana mai sandarar da zuciya maimakon na'ura, hoto ko ƙara mai razanarwa da aka ɓoye a bayan suna mai kyau. Manhajar Flash, wadda ta sauƙaƙa haɗa zane mai motsi da sauti, ita ce ta zama maƙerarsu.

Biyu sun fi shahara. Na farko ya ari rigar littafin yara na Martin Handford na 1987, inda ake neman wani mutum mai suna Wally a cikin cincirindon jama'a. Sai dai sunan wasan na Japan shi ne "Kada ka nemi Wally", kuma wanda ya duƙufa nema, dodo yake samu. Na biyu shi ne Akai Heya, Jan Ɗaki. Labari ne na wani yaro da wata ƙaramar taga ja ke fito masa a allo da tambaya guntuwa. Duk lokacin da ya rufe ta sai ta dawo, har tambayar ta cika: ko kana son jan ɗaki? Washegari aka tarar da shi matacce. Gwanintar mai zanen tana ƙarshe, domin da labarin ya ƙare, irin wannan taga ce ke fitowa a allon mai kallo shi kansa.

A ranar 1 ga Yuni 2004, a wata makarantar firamare ta garin Sasebo, yarinya ƴar shekara 11 ta kashe ƴar ajinsu. Jaridu sun ruwaito cewa Jan Ɗaki na cikin abubuwan da take kallo. Zane ba ya riƙe wuƙa, amma wannan masifa ta sa iyaye da malamai a Japan suka fara tambayar abin da ƴaƴansu ke gani su kaɗai a ɗaki.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A wannan shekara ta 2004 kamfanin K-fee na Jamus ya yi tallan da ke nuna mota tana tafiya lami lafiya a kan hanyar ƙauye kafin wata gawa ta faɗo gaban allo da ihu. A daidai lokacin wasan The Maze na Jeremy Winterrowd ya bazu: kana jan ɗigo a siririyar hanya, hankalinka duk yana can, sai fuskar yarinyar fim ɗin The Exorcist na 1973 ta bayyana. A nan kusa da mu, inda wayar salula ta riga kwamfuta shiga hannun talaka, tsoron ya bi ta waya. A Yulin 2004 jita-jita ta game Najeriya cewa akwai lambobin da in ka amsa kiransu ka mutu nan take, har kamfanin Vmobile ya fito ya ƙaryata. Masanin al'adu Bafaranshe Julien Bonhomme ya bi sawun wannan jita-jita cikin ƙasashen Afirka da Asiya. A 2018 kuma fuskar Momo ta zaga wayoyin duniya ta WhatsApp, alhali gunki ne kawai da Keisuke Aiso ya ƙera, aka nuna shi a Tokyo a 2016.

Mai karatu zai ce, ai mu ma muna da dodo. Haka ne. A Sukukutane da Matankari da Dogon Dutsi, kamar sauran ƙasar Hausa, an yi renon yara da Dodo na tatsuniya, da dodorido na tsakar gida, da ƴan tashe masu sake kama a watan azumi. Amma a lura da sharuɗɗan. Tatsuniya sai da dare, a bakin kaka wadda yaro ke jingine da ita. Tana da mabuɗi, tana da marufi, kuma da an ce ƙurungus an mayar da Dodo cikin tulunsa. Tashe yana da watansa, kuma kowa ya san ɗan gidan wane ne a cikin tsummokaran. Tsoron yana da mai shi, yana kuma da darasi: kada ka je rijiya kai kaɗai, kada ka bi baƙo.

Dodon allo ba shi da kaka, ba shi da wata. Abin da ya fi muni, wanda ya bi umarni shi yake cutuwa: wanda aka ce wa duba da kyau ya duba, aka ce saurara ya saurara. Wannan kuwa shi ne halin da mu malamai muke kwana muna tashi muna shukawa a aji. Kamfanin Adobe ya daina kula da Flash a ƙarshen 2020, amma dabarar ba ta mutu ba. Da ita ake aiko wa mutane saƙon kyautar ƙarya don a kwashe musu kuɗi.

Saboda haka aikinmu biyu ne. A aji, mu koya wa ɗalibi ya tambayi wa ya aiko, kuma me yake so, kafin ya latsa. A ƙungiyoyin al'adu kuma, mu ɗauki muryoyin tsofaffin Arewa da tatsuniyoyinsu tun suna raye, domin yaron da ya san Dodo a cinyar kakarsa ya fi saurin gane wanda aka ɗaura masa a waya.