Jihadi ne ko zalunci? Gardamar da ta biyo bayan faɗuwar Gazargamo

Wanda ya bi Komadugu daga Diffa ya yi yamma, ya wuce gonakin tattasai na bakin kogi, kafin ya kai Gaidam zai tarar da kufan Birnin Gazargamo. Guntayen jan bulo na fada suna nan cikin ƙasa. Mai Ali Gaji ya kafa birnin a ƙarni na 15, ya yi fiye da shekara 300 yana fadar Borno, har 1808 da Goni Mukhtar ya ci shi da tutar Shehu Usmanu. Mai Ahmad ya fice, ya bar wa ɗansa Dunama gadon sarauta. Dunama ya nemi taimakon wani malami mazaunin Ngala, Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda Barebari ke kira Shehu Laminu.

Laminu ya taya ƙwato birnin, sannan ya ɗauki alƙalami ya aika wa shugabannin jama'ar Shehu Usmanu tambaya: da wace hujja kuke kiran wannan yaƙi jihadi? Mutanen Borno suna salla, suna azumi, suna fid da zakka, masallatansu a tsaye. Bai musa cewa akwai cin hanci, cin dukiyar marayu da mata marasa lulluɓi ba. Amma a wurinsa waɗannan saɓo ne, kuma saɓo bai fitar da mutum daga Musulunci. Ya kawo misalin Masar da Sham, inda ake irin wannan, ba wanda ya kafirta su.

Muhammadu Bello, ɗaya daga cikin shugabannin jama'ar, ya amsa da hujja biyu. Ana yanka ga duwatsu da itatuwa a Borno, sannan sarakunanta sun taimaki sarakunan Hausa wajen yaƙar jama'a. A ganina hujja ta biyu ita ce ainihin zancen, kuma ta fi kusa da siyasa. Ta farko kuwa Laminu ya riga ya tare ta, don ya ce wanda ya yi da jahilci koyarwa yake bukata.

Abin da ya kamata a yaba wa Bello shi ne bai ɓoye maganar abokin gardamarsa ba. Ya kwafe wasiƙun cikin littafinsa Infaƙul Maisuri a 1812, shi ya sa muke iya karanta su yau. Mutanen Diffa da Bosso, da aka auka wa a Fabrairun 2015 da sunan jihadi, sun fi kowa cancantar a koya wa 'ya'yansu wannan muhawara.

Duk da an ƙwato shi, Gazargamo dai bai sake tashi ba. Laminu ya gina Kukawa a 1814, shi da Bello duka suka rasu a 1837.