Ludza

Ludza ƙaramin gari ne a yankin Latgale da ke gabashin ƙasar Latbiya, kusa da iyakar Rasha, tsakanin tafkuna. Yana cikin garuruwa mafi daɗewa a ƙasar. Jaruman Liboniya sun gina ganuwa a nan a shekarar 1399, har yau kuma kufanta na tsaye a kan tudu. Garin ya koma hannun Rasha a 1772, ya sami matsayin birni a 1777.

Yahudawan Ludza

Yahudawa suna kiran garin Lutsin. A ƙidayar 1897 su ne fiye da rabin mazauna garin, galibinsu 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. Saboda yawan malamansu, musamman na gidan Don-Yahya, aka yi wa garin laƙabi da "Ƙudus ta Latbiya". Zuwa 1935 ƙaura ta rage su zuwa kimanin 1,500.

Sojojin Jamus sun mamaye Ludza a farkon Yulin 1941, aka tsare Yahudawa a unguwa guda. Ranar 17 ga Agusta 1941 aka harbe kimanin mutum 800 a bakin tafkin Cirma, da hannun 'yan sandan yankin.

Babbar majami'ar Yahudawan ta katako, wadda aka gina wajen 1800, ta tsira daga gobarar 1938 da kuma Yaƙin Duniya na Biyu. An gyara ta a 2016, ta zama gidan tarihi. Akwai sashe a cikinta kan Herz Frank, mai shirya fina-finan gaskiya, wanda aka haifa a Ludza a 1926.