Sarautar Mata da Tarihin Katsinar Laka

Ƙasar da garuruwan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suke ciki a yau tana daga cikin yankin da masana tarihi suke kira Katsinar Laka, watau kudancin ƙasar Katsina mai duwatsu da ni'ima da ƙasar noma. Sunayen tsofaffin daulolin yankin ba su ɓace ba, domin suna nan cikin sarautun hakimai: Sarkin Pauwa a Ƙanƙara, Kogo a Sabuwa. Marigayi Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina wanda aka buga a Zariya a 1981, ya nuna cewa irin su Pauwa da Kogo da Maska da Gozaki sun yi zaman kansu da nasu tsarin mulki kafin Birnin Katsina ya haɗa su ƙarƙashinsa. Abin tambaya a nan shi ne matsayin mata cikin wannan tsari, da kuma hanyar da mai bincike zai bi ya gano shi.

In aka dubi taswira, za a ga yankin yana zaune tsakanin ƙasashe uku da kowace take da labarin mace a gadon sarauta. Daga arewa maso gabas akwai Daura, inda Girgam ya jera sarakuna mata tun daga Kufuru, cikinsu har da Daurama ta labarin Bayajida. Daga yamma akwai Zamfara da labarin 'Yargoje, wadda ake dangantawa da Kuyambana ta wajen Ɗansadau, aka kuma saba ba ta shekarun 1310 zuwa 1350. Daga kudu maso gabas kuwa ga Zazzau da Amina. Amma jerin sarakunan Katsina, tun daga Muhammadu Korau har zuwa zamanin jihadi, maza ne zalla. Wanda ya tsaya kan jerin sarakuna kaɗai, sai ya ce mata ba su da hannu a mulkin Katsina, ya rufe littafi.

Labarin Amina ya isa misali kan yadda wannan fanni yake da santsi. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya ambace ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wajen 1421 zuwa 1438, ya ce ta yi shekara 34 tana yaƙi, kuma Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Infaƙul Maisuri na 1812, ya ce ikonta ya kai har Katsina da Kano, ta kuma rasu a Atagara. Labarin baka na Zazzau ya mai da ita 'yar Bakwa Turunku, wanda ake lissafa hawansa a 1536. Tsakanin lissafi na farko da na ƙarshe akwai fiye da shekara ɗari, ga shi kuma sunanta bai fito cikin jerin sarakunan Zazzau ba. Farfesa Abdullahi Smith ya tattauna wannan saɓani a 1970. Sai dai yawancin abin da 'yan makaranta suka haddace game da ita, kamar batun miji a kowane zango, ya yaɗu ne ta ɗan littafin Hausa na 1954 wanda ba a bayyana marubucinsa ba, kuma ya zo ɗaruruwan shekaru bayan zamanin da yake magana a kai.

Duk da haka labarin ya shafi Katsinar Laka kai tsaye. Rundunar da ta taso daga Zazzau za ta Birnin Katsina, ta wannan ƙasa hanyarta take. In har maganar Bello ta tabbata, to mutanen Maska da Pauwa ne za su fara jin ƙarar kofaton dawakin kafin mutanen birni. Amma al'adar kiran kowace tsohuwar ganuwa ganuwar Amina ba hujja ba ce. Suna ne da baki ya saba, kuma shekarun ganuwa sai masu tonon kayan tarihi ne za su iya faɗa.

Inda bincike ya fi yin albarka shi ne inda aka bar neman mace a kan karaga, aka koma ga muƙaman da mata suka riƙe a gefen karagar. M. G. Smith, a littafinsa kan Daura na 1978, ya bayyana cewa Magajiya tana da ikon hana zartar da umurnin sarki, har ma ta tayar da maganar tuɓe shi. A Gobir akwai Inna, wadda take shugabar 'yan bori kuma mai faɗa a ji a fada. Katsina ita ma tana da tata, watau Iya. Da zuriyar sarakunan Haɓe suka bar birni bayan 1807 suka kafa Maraɗi, sun tafi da wannan sarauta, kuma a can ne masu bincike irin su Guy Nicolas da Barbara Cooper suka same ta da ranta. Saboda haka ɗalibin da yake son sanin yadda fadar Katsina take kafin jihadi, dole ya tsallaka iyaka zuwa Jamhuriyar Nijar, abin da manhajar makarantun Nijeriya ba ta cika tuna masa ba.

Matan sarki da iyayensa mata su ma ba zaman ado suka yi ba. Tarihin Kano ya kawo Madaki Auwa, matar Muhammadu Rumfa, wadda ta kwantar da tawayen Dagaci lokacin da ɗanta Abdullahi yake fagen fama, ta kuma ci gaba da faɗa a ji har zamanin jikanta Kisoki. Heidi Nast, a 2005, ta kawo hujjojin cewa ƙwaraƙwaran gidan Rumfa su ne suke kula da hatsin haraji. Wanda ya riƙe rumbu kuwa ya san adadin gonaki da yawan talakawa, aikin da a yau ma'aikatar kuɗi take yi.

Jihadi ya sauya wannan tsari, amma bai share shi ba. Nana Asma'u, 1793 zuwa 1864, ta kafa 'yan taru, tana naɗa jajisai tana ba su malfa, kuma Jean Boyd ta nuna a 1989 cewa malfar nan da ma alamar Inna ce ta Gobir. A wani gefen kuma sunan ya zube. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, ta san magajiya a matsayin shugabar karuwai. Kalma ɗaya ke nan, a Daura tana iya girgiza sarki, a ƙauyen Zazzau kuma tana kula da gidan mata masu zaman kansu. Mai binciken da ya ji an ce wance ta yi magajiya a Pauwa, wajibi ne ya tambaya a wane zamani, ƙarƙashin wa, kuma me take karɓa.

Amsoshin irin waɗannan tambayoyi a bakin tsofaffi suke, musamman tsofaffi mata, cikin kirarin gidaje da waƙoƙin daɓe da na niƙa, da sanin wanda ya auri 'yar wa tsakanin gidajen sarautar Kogo da Pauwa da maƙwabtansu. Masu binciken farko maza ne, a zaure suka tsaya, da maza suka yi hira. Tun wajen 2019 kuma hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, har aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020. Ƙauyuka da dama sun watse, tsofaffinsu sun koma zaman gudun hijira a Funtuwa da Katsina da wasu garuruwa. Ɗaliba 'yar yankin, mai iya shiga cikin gida ta zauna da su, ita ce ta fi kowa damar ɗaukar maganarsu a faifai, kuma a waɗancan garuruwa za ta fara nemansu.