Daga Kundi zuwa Mujalla: Tarihin Buga Binciken Ɗalibai da Darasin Ƙasar Adar

1. Gabatarwa

A cikin wannan maƙala za mu waiwayi wata tambaya da ta daɗe tana damun sashenmu: ina kundin ɗalibi yake zuwa bayan an kare shi gaban malamai? Mun zaɓi yankin Ƙwanni, Malbaza da Illela a matsayin misali, domin tarihin nazarinsa ya nuna abin da bugu yake iya yi wa aikin mai koyon bincike.

2. Matakan tarihi

Kafin a buga, sai an daidaita rubutu. Taron Bamako na 1966, ƙarƙashin UNESCO, shi ne ya tsara haruffan boko ga harsuna da dama na Afirka ta Yamma, har da Hausa. A 1980 aka sake zama a Yamai don kusanta rubutun Nijar da na Nijeriya, sannan a 1999 hukuma ta tabbatar da ƙa'idar da ake bi a Nijar, wadda ta ɗauki harafin ƴ.

Sai dai hanyoyin bugu sun bambanta. A Kano, mujallar Harsunan Nijeriya ta fara fitowa a 1971, tana karɓar maƙalu da Hausa. A wannan shekara ne aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi ta Yamai, wadda ta zama jami'a a 1973, kuma Faransanci ne harshen bincikenta. Babbar kafar bugu a nan ita ce jerin Études nigériennes na cibiyar IRSH.

3. Darasin Adar

A cikin wannan jeri ne, a 1975, aka buga aikin Djibo Hamani kan tarihin Adar kafin zuwan Turawa, wanda asalinsa kundin digiri ne. Da yake an buga shi, ya zama tushe ga duk mai nazarin sarautar Illela, kuma a yau Jami'ar Tawa, wadda aka kafa a 2010, tana ɗauke da sunan marubucin. A fannin harshe kuwa, sai a 1991 Bernard Caron ya fitar da bayaninsa na Hausar Adar, shi ma da Faransanci, a Berlin.

Abin lura a nan shi ne, ɗalibin Ƙwanni da ya tashi yana cewa «sunka tahi» inda daidaitacciyar Hausa take rubuta «suka tafi» yana riƙe da bayanan da baƙo yake shekaru yana nema. Amma idan kundinsa ya tsaya a kwafi kaɗan cikin kabad, mai zuwa bayansa zai sake aikin daga farko, alhali tsofaffin da aka yi hira da su sun riga sun kwanta dama.

4. Kammalawa

Tun da kundin tsarin 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, tambayar ta ƙara nauyi: da waɗanne kalmomi za a koyar da ilimin harshe? Ba kwamiti kaɗai yake ƙera su ba. Suna kafuwa ne idan an yi amfani da su a rubuce, an yi gardama a kansu. Don haka muke ba da shawarar a keɓe shafuka a kowace fitowa ga taƙaitaccen kundin ɗalibi, da Hausa da Faransanci, bayan malamai biyu sun tantance shi.