Mai Gona da Mai Aro a Gaban Alƙali: Waiwaye a kan Shari'ar Ƙasa a Tambuwal da Kebbe

Maƙasudin wannan takarda shi ne a dubi wata irin shari'a wadda ba ta cika samun shiga littattafan tarihi ba, alhali kuwa tana cikin abubuwan da suka fi kai talakan ƙauye gaban alƙali. Wato rigimar da kan tashi tsakanin mai gona da wanda ya karɓe ta aro, ko haya, ko jingina, sa'an nan da 'yar'uwarta ta cikin gari, tsakanin mai gida da ɗan haya. Mun taƙaita nazarinmu a kan ƙasar Tambuwal da ta Kebbe, a kudancin Jihar Sakkwato, inda ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 220,000 a ƙaramar hukumar Tambuwal, da fiye da 120,000 a ta Kebbe. Galibinsu manoma ne, na tudu da na fadamar Gulbin Zamfara, wanda ya ratsa yankin a kan hanyarsa daga Gummi zuwa Jega. Abin da muke so mu nuna shi ne, daga 1903 zuwa yau hukuma ta sha sake mai ƙasa a takarda, ta kuma sha sake sunan kotu, amma tambayar da alƙali ke yi wa masu husuma tana nan yadda take: ta wace hanya gonar nan ta shiga hannunka, kuma wa ya gani?

Kamar yadda aka sani, Tambuwal ta yi suna ne a matsayin ribaɗi a hannun Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu. Ribaɗi kuwa ba ya zaunuwa sai da jama'a, jama'a kuma ba sa zama sai an ba su wurin noma. Saboda haka a wancan zamani abin da ya yi ƙaranci shi ne hannun da zai sare daji, ƙasa kam ga ta nan shimfiɗe. Duk baƙon da ya zo, sai mai gari ya nuna masa inda zai sa gatari, ko kuwa wani magidanci ya yanka masa wani ɓangare na saurarsa. Shehu Abdullahi na Gwandu ya yi littafi musamman a kan wannan babi, mai suna Ta'alimur Radi, inda ya bayyana dalilan da ke sa mutum ya keɓanta da ƙasar da ba ta da mai ita. Babba daga cikinsu shi ne raya ta, ta hanyar sassabe da huɗa, ko gina rijiya, ko dashen itace, ko gini. A nan ne tushen rigimar yake. Wanda ya raya daji ya mallaka. Wanda aka ba saura aro bai mallaka ba, ko da ya fi mai ita zuba taki da gumi. Amma bayan shekara talatin, idan ka tsaya a bakin gonakin biyu, babu abin da zai nuna maka wacce ce wacce.

Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Gwamna Lugga ya shaida wa manyan gari cewa ikon da masu jihadi suka samu a kan ƙasa ta hanyar yaƙi ya koma hannun Ingila ta wannan hanya. A 1908 aka zaunar da kwamiti a Landan don ya binciki al'adun mallakar ƙasa a Arewa, abin da ya haifar da dokar 1910, wadda ta sanya dukkan ƙasa a ƙarƙashin kulawar Gwamna domin amfanin 'yan ƙasa. Dokar 1962 ta Gwamnatin Jihar Arewa ta mai da wannan iko hannun minista. Sai kuma dokar soja ta 29 ga Maris 1978, zamanin Janar Obasanjo, wadda ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamnanta, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon bayar da izinin zama a ƙasar karkara, har hekta 500 domin noma. A idon waɗannan dokoki duka, manomi ba shi da ƙasa, izinin amfani kurum gare shi. To, amma manomin Kebbe bai fasa cewa gonar ubana ba, bai fasa sayarwa da jinginarwa ba, alƙali kuma bai fasa raba ta gado ba.

Akwai wata dokar Turawa wadda a ganinmu ta fi waɗancan taɓa wannan al'amari, ko da yake ba dokar ƙasa ba ce. Ita ce ta 1901, wadda ta ce duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara ɗa ne, ba bawa ba. Daga nan bayi suka riƙa fansar kansu a gaban alƙalai ta hanyar murgu, har aka soke bauta ɗungum a 1936. Da yawa daga cikinsu ba su tashi daga rinjin da suke ba. Suka ci gaba da noman ƙasar da suka saba nomawa, sai dai yanzu da sunan aro. Jikokinsu da jikokin iyayengijinsu sun gaji gona guda da labari biyu, kuma magana ce da ba a son tonawa a bainar jama'a, don haka sau da yawa a kotu sai a yi ta kewaye-kewaye, kowa ya san abin da ake nufi, ba mai faɗa.

Game da kotuna, a zamanin En'e ba a fara kai maganar gona ga alƙali. Sai ta bi ta hannun mai unguwa, da hakimi, da uban ƙasa. (A lura, a ƙasar Sakkwato hakimi shi ne mai riƙe da gari, uban ƙasa shi ne na gunduma, saɓanin yadda ake kira a Kano.) Idan ta gagara ne take isa ga alƙalin gunduma, daga nan ta wuce birni, inda majalisar Sarkin Musulmi ke da babbar daraja. Littattafan majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, waɗanda Allan Christelow ya nazarta, sun nuna yadda shari'ar ƙasa ta kasance aikin sarki da majalisarsa fiye da na alƙali. Gwamnatin soja ta rushe kotunan sarakuna, a 1968 kuma ta karɓe na alƙalai daga hannun En'e, aka kira su kotunan yanki. A 2000 kuma Jihar Sakkwato ta mai da su kotunan shari'ar Musulunci. Littattafan da ke gaban alƙali dai su ne na jiya: Risala, da Muhtasar na Halilu, da Tuhfa ta Ibn Asim.

Ƙa'idar da ake yanke mafi yawan irin wannan husuma da ita ita ce hauzi. A mazhabar Malikiyya, idan mutum ya riƙe ƙasa shekara 10 yana aiki da ita aikin mai abu, mai da'awa kuma yana nan a gari, yana gani, babu abin da ya hana shi magana, amma ya yi shiru, to ba za a saurari ƙararsa ba. Idan tsakanin dangi ne, an tsawaita lokacin har zuwa wajen shekara 40, saboda an san ɗan'uwa yana kau da kai ga ɗan'uwansa. Amma hauzi ba ya amfanin wanda aka tabbatar asalin riƙonsa aro ne, ko haya, ko jingina, kome daɗewarsa. Ke nan duk shari'ar ta rataya a kan rana guda, ranar da aka miƙa gonar, wadda galibi ba a rubuta kome ba, kuma waɗanda suka halarta sun riga mu gidan gaskiya.

Mutanenmu sun samo wa wannan magani tun da daɗewa. Shi ne damin da mai aro kan kai gidan mai gona kowace kaka. Malaman Malikiyya sun hana a yi hayar ƙasa da abinci, don haka ba a kiran wannan dami kuɗin haya, akan ce godiya ce, ko goro. Amma duk wanda ya zauna kotu ya san aikinsa ya wuce godiya. Dami ɗaya a bayan jaki, ana ratsa gari da shi da rana tsaka, shi ne rasiɗin da ke katse hauzi kowace shekara. Shi ya sa mai gona mai hankali ba ya yafe shi ko da rumbunansa sun cika, shi ya sa kuma mai aro da ya fara ƙulla wata niyya, abin da yakan fara dainawa ke nan, yana fakewa da fari ko ɓarnar tsuntsu.

Mun taɓa halartar wata shari'a irin wannan a ɗaya daga cikin kotunan yankin, muna rakiyar wani dattijo da aka yi wa sammaci don ya ba da shaida. Fadama ce da aka ba kakan wanda ake ƙara. Mai ƙara ya ce aro ne, wanda ake ƙara ya ce kakansa ne ya sare ta. Dattijon ya ce, “Allah gafarta Malam, ni da kaina na sha kora jakin da ke kai damin nan ina yaro.” Alƙali ya ba wanda ake ƙara damar sukan shaida, bai sami abin suka ba. Shaida na biyu kuwa ciwo ya kwantar da shi, aka ɗaga zama sau biyu, kafin na uku ya rasu. Shari'a ta yarda a al'amarin dukiya a yi hukunci da shaida ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara, alƙali kuma ya gaya masa haka. Sai mutumin ya yi shiru, ya sunkuyar da kai. Mun tabbata ba shakkar gaskiyarsa yake yi ba. Abin da ya faru a gaban kakansa ne ake so ya dafa Alƙur'ani a kansa, kuma ya san ko ya ci shari'ar, duk masifar da ta sami gidansa nan gaba za a ce rantsuwa ce. A ƙarshe dattawan gari suka nemi a ba su maganar, aka raba fadamar biyu. Kowannensu ya riga ya kashe abin da ya kai amfanin shekara a kuɗin mota da ciyar da shaidu, ban da ranakun noma da suka salwanta, kuma gidajen biyu da suka yi shekaru suna auratayya sun daina gaisawa.

Jingina ta fi aro sarƙaƙiya, domin a nan al'ada da fiƙihu sun raba hanya. A al'ada, wanda ya ba da rance shi ke noman gonar har a biya shi. A fiƙihu kuwa cin amfanin abin jingina a kan rance riba ce. Daɗin daɗawa ga faɗuwar darajar kuɗi: gonar da aka jinginar a kan fam kaɗan kafin a shigo da naira a 1973, yau da nawa za a fanshe ta? Magadan mai gona sukan zo da ainihin adadin, magadan mai riƙo su ce ai sayarwa aka yi.

Hayar gida sabon abu ne a waɗannan garuruwa. A da baƙo masauki ake ba shi, fatake su sauka wurin fatoma. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976, da shirin ilimin firamare kyauta na wannan shekara, su suka kawo ma'aikata da malaman makaranta masu albashi, sai ɗaki ya zama abin kuɗi, musamman a Tambuwal da ke kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega. Rigimarsu ba ta wuce bashin haya, da kuɗin gyaran rufi da ɗan haya ya kashe ba da izini ba, da tashi ba shiri. Fiƙihu ya bambanta hayar da aka yanke wa lokaci, wadda ta lazimci kowa har ta cika, da ta wata-wata, wadda kowa ke iya warwarewa. Irin wannan shari'a ba ta daɗewa, don shaidunta suna raye.

Wani abin da ke wahalar da talaka shi ne ɗaukaka ƙara. Tsarin mulkin 1979, da na 1999 bayansa, sun taƙaita ikon Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a kan aure, da gado, da wasiyya, da kyauta, da waƙafi da makamantansu. Rigimar aro ko jingina ba ta cikin wannan jeri, hanyarta ita ce Babbar Kotun Jiha. Ana iya shekaru ana shari'a, a ƙarshe a rushe ta saboda an bi ta ƙofar da ba ita ba, ko saboda alƙalin farko bai rubuta cewa ya yi i'izari ba, wato tambayar ƙarshe da ake yi wa wanda hukunci zai hau, ko yana da sauran hujja.

Sakamakon duk wannan a fili yake ga mai zagaya ƙauyuka. Masu gona sun ji tsoron aro mai tsawo. Sun koma ba da hayar damina ɗaya da kuɗi hannu, ana rubutawa a gaban hakimi, wasu ma sukan sauya ɗan haya kowace shekara don kada ya yi saiwa. Wannan ya rage ƙara, amma wanda ya san baɗi ba shi zai noma ba, ba zai kai taki ba, balle ya dasa itace. Marar kuɗi kuma, wanda a da goro da dami ɗaya kan samar masa wurin noma, yanzu sai ƙwadago.

Hare-haren 'yan bindiga na shekarun nan sun tashi wasu ƙauyuka a wannan yanki, mutane sun bar gonakinsu, wasu sun damƙa su ga maƙwabtan da suka rage, a gurguje, ba shaida ba takarda. Malamai sun ce hauzi ba ya gudana a kan wanda ba ya nan, ko wanda tsoro ya hana shi magana. Amma ranar da waɗannan mutane ko 'ya'yansu suka komo, alƙali zai nemi wanda ya ga tafiyarsu, da wanda ya ji abin da aka faɗa lokacin miƙa gonar, su kuwa shaidun sun watsu, wasu a Tambuwal, wasu a Jega, wasu a Sakkwato. Rajistar da hakimai da limamai za su buɗe yanzu, a rubuta sunan mai gona, da iyakokinta, da wanda aka bar wa, da sharaɗin da aka yi, ba ta bukatar fiye da littafi guda da alƙalami a kowane gari.