Abin da Garma ke Tonowa

Gonar mahaifina a Gazara tana da wani ɓangare da muke kira kufai. Duk shekara idan aka yi huɗa sai garma ta fito da tsingaro da wasu baƙaƙen duwatsu masu ƙuraje, masu nauyi fiye da girmansu. Baba ya ce kashin maƙera ne. Mu kuwa da su muke jifar tsuntsaye. Ban taɓa tambayar su wane ne maƙeran ba, sai da na girma na karanta labarin Nok, na ji kunya.

A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu a ƙauyen Nok, a kudancin jiharmu ta Kaduna. Aka ajiye, aka manta. A 1943 aka sake samun wani kusa da Jama'a. Wanda ya tsince shi gonarsa ta doya ya kai, ya kafa shi mutum-mutumi, ya shekara yana gadi. Daga nan ne kan ya isa hannun masanin kayan tarihi Bernard Fagg a Jos, shi kuma ya lura aikin ya yi kama da na Nok. Kai ne mai ido kamar alwatika, an huda ƙwayar idon da hanci da baki, kitso kuwa kamar yau aka yi shi. Daga baya aka tono matoyar tama ta mutanen Nok a Taruga, wadda ta haura shekara 2,000. Masanan Jami'ar Frankfurt da suka fara aiki a yankin a 2005 sun kai farkon al'adar Nok zuwa wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

A ƙasar Sin ma haka aka yi: manoma masu haƙa rijiya kusa da Xi'an ne suka ci karo da rundunar sojojin yumɓu a 1974. Can an gina rumfa a kan ramin, duniya na zuwa kallo. Mu nan dillalai ne suka riga kowa, suka yi ta kwashewa zuwa Turai.

Mu ma ba sai an je kudancin Kaduna ba. A Samaru, nan Zariya, John Sutton na Jami'ar Ahmadu Bello ya tono wuraren narka tama da suka wuce shekara 1,000. Ga Kufena, ga Turunku da ganuwarta. Ba na cewa kufanmu Nok ne. Cewa nake wani ya hura wuta a wurin kafin a dasa rake a fadamun Maƙarfi da Kudan.

Don Allah manoma, in garma ta fito da tsohuwar tukunya, kada a fasa ta neman zinariya. Galibi ƙasa ce a ciki. A bar ta inda take, a ɗauki hoto da waya, a sanar da mai unguwa, a kai labari sashen kayan tarihi na jami'a a Samaru.